Ragon da Ba a Sayarwa

A gidajen masu kiwon tumakin iri na Malanville akwai ragon da idon mai saye ke fara sauka a kansa, kuma shi ne mai gida ba ya yi wa kuɗi. Yawanci turkensa daban yake, inda inuwa ta fi kauri. Dillali zai zagaye shi, ya dafa gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya taya. Mai gida ya ce albarka. Ya ƙara, a sake ce masa albarka. In ya matsa, sai tsoho ya ce, "Wannan uban garke ne, dubi waɗancan." Waɗancan ɗin 'ya'yansa ne, su ake ciyarwa don Layya. Shi aikinsa barbara, shi da tumakin da aka zaɓo masa.

Abin da na lura da shi, duk ranar da ragamar irin wannan gida ta bar hannun uba ta koma hannun ɗa, ragon nan ne ke fara shiga haɗari. Abin da ya same shi a Sallar farko shi ke nuna ko gidan zai ci gaba da fitar da iri, ko kuwa zai koma saye da sayarwa kamar na kowa.

Malanville tana bakin kogin Kwara, a jihar Alibori, can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin. Gaya ta Nijar tana ɗaya gaɓar, gada ta haɗa su. Daga nan hanya ta miƙe kudu, ta Kandi da Parakou har Kwatano, tafiyar da ta haura kilomita 700, ta gabas kuma Kamba da Illo na jihar Kebbi ba su da nisa. Ana lissafa kasuwar garin a matsayin ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, a Guéné kuwa, kan hanyar Kandi, akwai babbar karar dabbobi. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa a nan suke cuɗanya, Hausawa ma sun san yankin tun zamanin fataken goro masu ƙetare Kwara su bi ta Kandi da Djougou zuwa Gwanja.

Zaman garin a wannan wuri shi ya ba mai kiwo dama. Tunkiyar kudancin Benin gajeriya ce, tana jure laima da sammoren da ƙudan tsando ke kawowa, amma mai neman ragon Layya a Kwatano dogo yake so. Dogayen kuwa na arewa ne: Uda mai baƙin gaba ko jan gaba da farin baya, da Balami fari sol mai lanƙwasasshen hanci da zubabbun kunnuwa, wanda aka fi sani da ƙasar Maradi da arewa maso gabashin Najeriya. Malanville tana inda doguwar tunkiya ke jin daɗin zama, kuma tana kan hanyar da ke kai ta wurin mai kuɗi.

Masu tumaki a garin kashi biyu ne, kodayake mai wucewa ba zai bambance su ba. Akwai mai kiwon turke, wanda ke sayen ramammen rago saura wata uku ko huɗu Sallah, ya ɗura masa harawa da dusa da kowar wake da angurya, ya jiƙa masa kanwa, ya sayar. Jarinsa na juyawa cikin 'yan watanni, in bana ta ƙi sai ya jira baɗi. Mai iri lissafinsa dogo ne. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki. Ɗan ya sha nono kamar wata uku. A mazhabar Malikiyya da muke bi sai rago ya kai kimanin shekara yake isa Layya, wanda ke kawo kuɗin kirki kuwa sai ya shekara biyu ko fiye. Ba a kuma sanin ingancin uban garke sai an ga 'ya'yansa sun girma, an ga 'ya'yansa mata sun haihu, an ga ko suna da nono. Shawarar da mai iri ya yanke yau, sai bayan shekara biyu ko uku take nuna fuskarta. Kuskurensa ma haka, kuma a nan matsalar canjin hannu take: sabon mai gida yana iya ɓata aikin shekara ashirin a wata guda, bai kuma ga alamar ɓarnar ba sai lokacin gyara ya wuce.

To, me tsoho ke riƙe da shi da ba a gani? Ya san wace tunkiya ta haifi wace, ya san uban kowace. Ya san wadda ke haifar tagwaye ta kuma shayar da su ba tare da ta rame ba, da wadda kyanta a ido ne kawai, in ta haihu sai ta ƙi ɗanta. Ya san kazganyar da za a bari a gida da wadda za a kai kara, kuma sau da yawa wadda ya bari ba ita ce ta fi ƙiba ba, uwarta ya duba. In ya buɗe bakin dabba ya ga manyan haƙora biyu sun fito a ƙasa, ya san ta haura shekara, in takwas sun cika ta kai huɗu, in sun fara zubewa lokacin rabuwa da ita ya yi. Ya san cewa uban garke ba ya wuce kamar shekara biyu a kan tumaki ɗaya, domin a lokacin 'ya'yansa mata sun isa barbara, in aka bar shi ya hau su sai iri ya fara ƙanƙancewa. Don haka tun kafin lokacin ya yi, ya riga ya san gidan da zai samo sabon jini.

Akwai kuma sanin da ke na bakin kogi kaɗai. Idan ruwan Kwara da na Sota suka ja baya, fadama kan yi kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe, yaro mai kiwo kuwa can ransa ke kai shi. Tsoho ya san a irin wannan dausayi tsutsar hanta take, katantanwa ke ɗauke da ita, kuma tunkiyar da ta kwasa za ta yi ta ramewa, ƙasan haɓarta ya kumbura, ana ba ta abinci ba ya kama jikinta. Ya san da kaka ake sayen harawa a jibge a kan rumfa, kafin bazara ta ninka kuɗinta. Ya san wurin wa zai samu dusar shinkafa mai kyau daga gonakin noman rani na garin, da yadda ake gauraya ta. Duk wannan a kansa yake. Ba a rubuce yake ba, kuma ba kasafai yake faɗa ba, domin shi a ganinsa abu ne da kowa ya sani.

Yawancin gidaje ba sa miƙa ragama, mutuwa ce ke miƙa musu. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, a kira malam a zauna rabon gado. Cikin dukiyar mamaci kuwa babu mai sauƙin rabo kamar tumaki, tunda ana iya ƙidaya kawuna.

Rigimar farko ma kafin rabon take tashi. A gidan Bahaushe ba duk tunkiyar da ke garke ce ta mai gida ba. Wata ta uwargida ce, da sadakinta aka saya tun tana amarya, jikokin jikokinta ne ke yawo yanzu. Wata ta amarya ce, kuɗin ƙuli-ƙulinta ne. Wata an yi wa yarinya kyauta ne ranar sunanta. Akwai waɗanda aka ba wani a ƙauye kiwo a kan in sun haihu a raba, akwai kuma amanar aboki. Tsoho ya san wannan, matan ma sun sani, kowace tana gane tata ko cikin duhu. Ɗan da ya tashi ya ce duka "tumakin Baba" ne ya taɓa haƙƙin mutane tun bai fara ba, kuma matan da ya ɓata wa rai su ne masu ba dabbobin nan ruwan dusa safe da yamma, su ne masu tashi cikin dare in tunkiya na naƙuda.

Bayan an fitar da na mutane, a ce tumaki 40 suka rage da raguna biyu na iri, magada kuma tara. Matan mamaci su ɗauki sumuninsu, namiji ya samu rabon mata biyu, kowa ya ja nasa. Abin da kowa ya samu bai kai a ware masa uban garke ba, tunda rago ɗaya yana isar tumaki talatin. Ragon iri kuwa ya fi kowace dabba tsada, ba ya kuma rabuwa, sai a ce a sayar a raba kuɗin. Babu wanda aka zalunta, lissafi ya fita daidai, amma gidan iri ya tashi daga ranar.

Ina ganin a nan muna ɗora wa shari'a abin da ba ta ce ba. Abin da ta wajabta shi ne kowa ya san haƙƙinsa ya kuma mallake shi. Magada baligai suna da ikon su yi wa garke ƙima, kowa ya san kasonsa, su bar shi a haɗe da yardarsu, ko ɗaya ya saye kason sauran ya riƙa biya, muddin an kiyaye rabon marayu da shaidu. Malaman Malikiyya ma sun san irin wannan tarayya, a babin zakka sun yi bayanin masu garke a haɗe, kuma cikin alamun da suke gane su da shi akwai makiyayi ɗaya, mashaya ɗaya, makwanci ɗaya, da ragon barbara ɗaya. Wani abin da ya fi wannan jan hankalina yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, inda aka ruwaito umarnin Sayyidina Umar ga mai karɓar zakka: ana ƙidaya dabbobi duka har 'yan ƙanana, amma ba a ɗaukar mai ciki, ba a ɗaukar mai shayarwa, ba a ɗaukar ragon garke. Mai karɓar haƙƙin Allah ma an ce ya bar wa mutane tushen dukiyarsu. Mu kuma da hannunmu muke fara kai shi kara.

In an yi sa'a garken ya tsira daga rabo, sai jarrabawar Sallar farko. Dillalai sun san tsoho ya kau. Wanda ya zo ta'aziyya zai dawo bayan wata biyu, ya zauna a kan tabarma ya ce, "Magaji, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Wancan babban fa, akwai wani bawan Allah daga Kwatano da ya gan shi bara, har yau bai daina kirana ba." Sai ya ambaci kuɗin da yaron bai taɓa riƙewa ba.

Ba na ganin wautar yaron da ya karɓa. Akwai bashin jinya a kansa, akwai auren ƙanwa, akwai kuɗin makaranta, ga ƙane na neman babur ya fara haya. Kowa shi yake kallo, yana kuma so ya nuna ya isa. A ransa yana cewa ai 'ya'yan ragon na nan, sai a ɗaga ɗaya ya maye gurbinsa. Wanda aka ɗaga ɗin kuwa uwarsa da 'yan'uwansa zai hau. Shekarar farko ba a ga komai ba, har a yi ta yabon yaron cewa ya fi ubansa iya ciniki. A ta biyu da ta uku sai 'ya'ya su fara zuwa ƙanana, ƙafafu sirara, wasu su mutu kafin yaye. Masu sayen da ke zuwa gidan da sunan tsoho ba za su yi faɗa ba, za su daina zuwa ne kawai.

Abubuwan da suka faru a kan iyaka cikin 'yan shekarun nan sun ƙara wa maganar nauyi. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sa aka rufe gadar Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi dogon layi, mutane suka koma ƙetare kogi a kwalekwale. Da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe ɓangarenta, Nijar ta bar nata a rufe. A watan Mayun 2025 kuma, ana dab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje. Wanda sana'arsa ita ce sayo rago a hayi ya turke, a irin wannan shekara hannunsa yana ɗaure. Wanda ke da uwaye a gida da uban garke, haihuwa ba ta jiran a buɗe gada. Sai dai shi ma yana buƙatar sabon jini daga waje lokaci zuwa lokaci, kuma a zamanin rufe hanya wannan sai da aminci: abokin tsoho na Gaya ko na Kamba, wanda zai ce maka gaskiyar uwar rago da ubansa, wanda zai jira kuɗinsa. Irin wannan aminci ba ya cikin abin da malam ke rabawa. In uba bai taɓa riƙo hannun ɗansa ya kai shi ya ce "ga ɗanka" ba, ranar da ya rasu hanyar ta toshe.

A nan dole in juya kan iyaye, domin laifin ya fi yawa a wurinsu. Akwai dattijon da ɗansa ya kai shekara arba'in, yana da mata da 'ya'ya, amma bai taɓa zaɓen rago da kansa ba. Aikinsa yankan ciyawa, ɗaukar ruwa, sharar garke. In ya ce, "Baba, ina ganin wannan kazganyar a bar ta," sai a ce masa, "Kai dai kawo harawa." Tsoho yana ganin duk ranar da ya saki igiya girmansa ya zube, wani kuma yana ganin zancen magaji kiran mutuwa ne. Ga shi kuwa kakanninmu sun bar mana hanya a noma. A ƙarƙashin gandu, uba kan yanka wa ɗa gayauna, ya noma abin da ya ga dama a ranakun da aka ba shi, ribarsa tasa, asararsa tasa, a nan yake koyon zama mai gida. Baturiyar nan mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandu ba ya yawan daɗewa a hannun 'yan'uwa bayan rasuwar uba. Garke ma gayauna yake buƙata. A ware wa yaro tumaki biyar, a ce shi zai zaɓi ragon da zai hau su, shi zai yanke wadda za a sayar. Zai yi kuskure. Gara ya yi shi a kan biyar, uba na zaune yana iya cewa "ka ga abin da ya sa", da ya yi shi a kan arba'in babu mai gaya masa.

Sannan ba dole ba ne babban ɗa ya riƙe. Sau da yawa wan yana Kwatano ko Parakou yana kasuwanci, ƙanen ne ke kwana da dabbobi, shi ke gane tunkiyar da ba ta tuƙa tun kafin ta kwanta. Girman wa yana nan, a shawarce shi, a ba shi kasonsa. Amma igiya ta mai tashi da asuba ce, kuma uba ne kaɗai zai iya faɗin wannan a gaban kowa a karɓa ba tare da gaba ba. In ya yi shiru ya tafi, ƙane ba zai iya faɗa wa wansa ba.

Yaran ma suna da abin da za su kawo, in an bar su. Na farko littafi. Kowace tunkiya a sa mata lamba a kunne, a rubuta uwarta da ubanta da ranar haihuwarta da mai ita. Ƙaramin littafin makaranta ya isa. Na biyu rigakafi. Annobar nan ta tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, a Kwaddebuwa aka fara gano ta a 1942, kuma a 2015 a Abidjan hukumomin duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita kafin 2030. Tana iya share garke cikin 'yan makonni, allurarta kuwa guda ɗaya tana kare dabba shekaru. A garin da dabbobin ƙasashe uku ke haɗuwa a kara ɗaya, duk dabbar da aka sayo ya kamata a ware ta mako biyu ko uku kafin ta shiga cikin sauran, komai kyanta. Tsofaffi da yawa suna raina wannan, a nan kuwa yaran ke da gaskiya.

Akwai ma hanyar cin kuɗin uban garke ba tare da an rabu da shi ba. Robert Bakewell, manomin Ingila da ya rasu a 1795, wanda ake yi wa kallon jagoran gyaran irin dabbobi na zamani, hayar ragunansa yake bayarwa na kaka guda. Ya karɓi kuɗi, ragonsa ya dawo, ya kuma ga irin 'ya'yan da ya haifa a garken wasu. A Senegal masu kiwon tumakin Ladoum suna riƙe da salsalar kowace dabba, ana biyansu kuɗin barbara, ana sayen ragonsu miliyoyin sefa saboda an san iyayensa. Mai Uda ko Balami a Malanville ba abin da zai hana shi yin haka daidai ƙarfinsa: maƙwabci ya kawo lafiyayyar tunkiyarsa, ya biya, ya tafi da ciki. Magajin da ke da wannan ƙofa a buɗe ya fi iya kallon dillali ya ce albarka.

Don haka, Alhaji, kai da ke da garke kana kuma da sauran ƙarfi, kada ka bar wannan aiki ga ranar arba'in. Tara iyalinka a ranin nan, matanka su nuna nasu a gaban 'ya'yanka, a rubuta. Faɗi wanda zai riƙe garke kowa ya ji da kunnensa. In lokacin sauya uban garke ya yi, tafi da shi wurin amininka, ka yi shiru ya zaɓa, kai ka biya. Wata biyar ne tunkiya ta haihu, in Allah ya ba da rai za ku duba 'ya'yan tare ka gaya masa inda ya dace da inda ya kauce.